Haƙƙin Maƙwabci da Rugugin Wufa: Yadda Za a Hana Sautin Kayan Kallo Tsallaka Katanga

Wannan shiri na masu sauraro ne na Gamawa da Udubo da Azare da sauran garuruwa da ƙauyukan ƙasar Katagum. Shirin faɗakarwa na yau zai yi bayani ne a kan kayan sautin nan da ake haɗawa da talabijin a cikin ɗaki, waɗanda 'yan kasuwa ke kira hom tiyata, da kuma yadda mai su zai more kallonsa ba tare da ya hana maƙwabcinsa barci ba. An kasa shirin kashi biyar. Kashi na farko zai bayyana mene ne sauti mai kauri, na biyu zai nuna dalilin da ya sa katanga ba ta tare shi, na uku zai duba cutarwar da yake yi da abin da addini da doka suka tanada, na huɗu zai kawo gyaran da ba ya cin ko sisi, na biyar kuma zai kawo gyaran da ke bukatar magini ko kafinta, tare da ladabin kai kuka idan abin ya dami mutum. Akwai magana guda da ya kamata a riƙe tun daga farko, domin za a yi ta komawa gare ta: mai ɗaki ba ya iya sanin ko sautinsa ya yi yawa daga inda yake zaune, ma'aunin abin yana ɗakin maƙwabci.

Kashi na farko: mene ne sauti mai kauri?

Kowane sauti da kunne ke ji jijjiga ce da wani abu ya yi, ta bi iska ta iso cikin kunne. Idan aka daki fatar ganga, fatar tana kaɗawa gaba da baya, tana tura iskar da ke kusa da ita, ita kuma ta tura ta gabanta, har motsin ya iso ga mai sauraro. Masana suna ƙirga yawan wannan kaɗawa a cikin sakan guda, suna kiran ma'aunin hatz, da sunan masanin nan na Jamus Heinrich Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti tun daga kaɗawa 20 a sakan har zuwa kusan 20,000. Abin da ke kaɗawa da sauri yana ba da siririn sauti, irin na algaita ko kukan tsuntsu ko guɗar mata a gidan biki, abin da ke kaɗawa a hankali kuma yana ba da sauti mai kauri, irin na tambari ko rugugin hadari. Wannan mai kaurin shi ne abin da samari ke kira bes.

Kayan hom tiyata sun ƙunshi ƙananan lasifikoki da ke fitar da magana da siririn kiɗa, da kuma wani babban akwati guda da aka keɓe wa sauti mai kauri kaɗai, wanda ake kira wufa. Idan aka ga an rubuta 5.1 a jikin kwali, ma'anarsa lasifikoki biyar da wufa ɗaya, idan kuma 2.1 ne, lasifikoki biyu da wufa ɗaya. Masu shirya manyan finafinai suna ware wa wufa layinta na musamman, wanda ke ɗauke da sautin da bai wuce kaɗawa 120 a sakan ba, kamar fashewar bam da rushewar gini da rurin injin jirgi, kuma bisa ƙa'idar gidajen silima ana kunna wannan layi da ƙarin ƙarfi a kan sauran. An tsara hakan ne domin babban zaure mai kaurin bango, amma sai ga shi ana kunna shi a ɗaki ciki da falo, wanda bulo guda ne ya raba shi da gadon wani.

Akwai wata ɗabi'a ta kunnen ɗan Adam da ke ƙara wa lamarin nauyi. A shekarar 1933 wasu masana biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, sun wallafa binciken da ya nuna cewa kunne ba ya jin kowane irin sauti daidai wa daida: ya fi kama sautin da ke kusa da muryar mutum, yana kuma da rauni wajen kama mai kauri, musamman idan an rage murya. Saboda haka mai kallo sai ya ji kamar bes ɗin bai isa ba, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har sai ya ji shi a ƙirjinsa, alhali a lokacin wufa tana tura iska da ƙarfin da ya ninka na maganar 'yan wasa sau da yawa. A taƙaice, masu sauraro, kunne yana raina sauti mai kauri, shi ya sa hannu ke yawan ƙara shi.

Kashi na biyu: me ya sa katanga ba ta tare shi?

Duk wanda ya saurari hadari a daminar ƙasar nan ya san amsar ko da bai karanta ta a littafi ba. Tsawar da ta faɗi kusa tana zuwa da kaifi kamar an yage ƙyalle, wadda ta faɗi nesa kuwa rugugi kawai ake ji, domin iska da itatuwa da gine-gine sun cinye siririn sautin a hanya, mai kaurin ne kaɗai ya iso. Haka nan mazauna bakin babban titin da ya ratsa Azare daga Kano zuwa Potiskum suna jin gilashin taga yana rawa idan tirela ta wuce da dare, ko da an rufe ƙofa.

Dalili na farko shi ne tsawon igiyar sautin, wato tazarar da ke tsakanin turi guda na iska da wanda ke bin sa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan guda. Wanda ke kaɗawa sau 1,000 a sakan tsawon igiyarsa bai wuce santimita 34 ba, wato bai kai kamu ɗaya ba, amma wanda ke kaɗawa sau 50 a sakan igiyarsa ta kusa mita bakwai, ta fi tsawon yawancin ɗakunan kwana. Igiya mai irin wannan tsawo ba ta damuwa da labule ko kafet, tana zagaye kusurwar gida, tana kuma tura bango gaba ɗayansa ya riƙa motsi kaɗan kaɗan kamar fatar ganga, sai bangon ya sake haifar da sautin a ɗaya ɓangaren.

Dalili na biyu shi ne abin da masana gini ke kira dokar nauyi. Dokar ta nuna cewa abin da ke tare sauti shi ne nauyin bango, kuma duk lokacin da aka ninka nauyin sau biyu, sautin da ke wucewa yana raguwa da kimanin desibel 5 zuwa 6. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Sai dai dokar tana da ɗaya fuskar: duk lokacin da yawan kaɗawar sauti ya ragu da rabi, ƙarfin bango na tare shi yana raguwa da wannan adadin. Idan aka sauko daga kaɗawa 1,000 zuwa kusan 60, an raba biyu har sau huɗu, ke nan bangon ya yi asarar desibel 20 ko fiye. Wannan shi ne dalilin da ya sa maƙwabci ba ya jin abin da jarumin fim ke faɗa, ba ya jin baitin waƙa, dum dum ɗin kawai ke iso masa.

Dalili na uku shi ne jijjigar da ke bin jikin gini. Wufar da aka ajiye kai tsaye a kan tayil, ko aka ɗora a kan tebur mai jingine da bango, tana zuba motsinta cikin daɓe da bulo, motsin ya bi ginin ya ɓulla a ɗaki na biyu ko na uku. A gidan bene abin ya fi muni, domin daɓen na sama shi ne rufin na ƙasa.

Yanayin gine-ginen yankin nan ma yana da nasa hannu a ciki. Tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro yana da nauyi sosai, saboda haka yana tare sauti fiye da yadda mutane ke zato. Gidajen haya na zamani kuwa akasari bulo mai rami ne na inci shida, ɗakuna a jere ƙarƙashin kwano guda, kuma sau da yawa bangon da ya raba ɗaki da ɗaki yana tsayawa ne daidai silin, ya bar sarari guda buɗe a sama daga farkon gida zuwa ƙarshensa. Sauti yana ratsa silin mara nauyi, ya bi wannan sarari, ya sauka a kan kowa. Ga shi kuma a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jama'a suna kwana a tsakar gida ko su bar tagogi a buɗe, a daren hunturu kuma iska mai sanyi da ke kwanciya kusa da ƙasa tana karkato da sauti ƙasa, ya tafi nesa fiye da yadda yake tafiya da rana. A maimaita, masu sauraro: siririn sauti yana tsayawa a ɗaki, mai kauri shi ke fita.

Kashi na uku: cutarwa, da abin da addini da doka suka tanada.

Cutarwa ta farko tana kan barci. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 1999 game da hayaniya a cikin al'umma, an ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin ɗakin kwana da dare ta wuce desibel 30, an kuma yi nuni da cewa idan ƙarar tana ɗauke da sauti mai kauri da yawa, ya kamata iyakar ta yi ƙasa da haka. Barcin da ake yawan katsewa yana haifar da gajiya da saurin fushi da raunin hankali wajen aiki, kuma bincike ya danganta daɗewa cikin hayaniyar dare da hawan jini da ciwon zuciya. Mai sauraro ya tuna waɗanda ke bayan bangonsa: manomin da zai yi sammakon gona, da mai jego da ta sha wuya kafin jariri ya yi barci, da dattijo mai hawan jini, da ɗalibin da ke shirin jarrabawa, da almajirin da zai tashi karatun asuba, da ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki. Yawancinsu ba za su ƙwanƙwasa ƙofa ba, saboda kawaici da kunya, amma shirun da suka yi ba yarda ba ce.

Cutarwa ta biyu tana kan mai kayan da iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, ta kuma nuna cewa babban mutum zai iya jure desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, amma kowane ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. 'Yan gashin da ke can cikin kunne, waɗanda ke mayar da jijjiga ta zama ji, idan suka lalace ba sa sake tsirowa, kuma yaran da ke zaune a ƙasa kusa da lasifika su suka fi kowa shan ƙarar.

Ta fuskar addini, al'ummar wannan yanki ba baƙi ba ne ga girman haƙƙin maƙwabci. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta lissafa maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda aka yi umarnin a kyautata musu, aya ta 19 a Suratu Luƙman ta yi umarni da sassauta murya, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisan da suka haɗa cikar imani da barin cutar da maƙwabci. Malamai sun yi bayanin cewa ko karatun Alƙur'ani ba a so a ɗaga murya da shi har ya dami mai salla ko mai barci, ballantana fim ko ƙwallo. Kiristocin da ke zaune a garuruwan nan su ma koyarwarsu ta ɗora ƙaunar maƙwabci a sahun gaba.

Ta fuskar doka, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA a shekarar 2007 domin kula da bin ƙa'idojin muhalli, a shekarar 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin ƙayyade hayaniya, waɗanda suka raba yini daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, da dare daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, suka kuma sa wa unguwannin zama iyakar desibel 50 da rana da 35 da dare. A Jihar Bauchi akwai hukumar kare muhalli ta BASEPA. Sai dai a lura da wani abu: ma'aunin da aka saba amfani da shi an daidaita shi ne ya kwaikwayi kunne, saboda haka yana zaftare kimanin desibel 30 daga sautin da ke kaɗawa sau 50 a sakan, kuma makirufon wayar hannu ba ya kama sauti mai kauri yadda ya kamata. Mutum zai iya auna ƙarar ɗakinsa da manhajar waya ya ga adadi kaɗan, alhali gadon maƙwabcinsa yana rawa. An dawo ke nan ga maganar farko: ma'aunin yana ɗakin maƙwabci.

Kashi na huɗu: gyaran da ba ya cin kuɗi.

Mataki na farko shi ne rage bes shi kaɗai. Yawancin kayan da ake sayarwa a kasuwannin yankin nan suna da maɓalli biyu, ɗaya na murya gaba ɗaya, ɗaya na bes, wanda ake samu a bayan akwatin wufa ko a jikin rimot. Da yake a irin waɗannan kaya injin ƙara sauti yana cikin akwatin wufar ne, ba a iya kashe ta a bar sauran, amma ana iya juya maɓallin bes ya dawo rabi ko ƙasa da haka, magana ta ci gaba da fita tas. Idan na'urar tana da tsarin dare, a kunna shi, domin aikinsa shi ne ya danne ƙarar harbi da fashewa, ya ɗaga muryar masu magana, yadda ba sai an ƙure sauti ba kafin a ji zance.

Mataki na biyu shi ne canja wa wufa wuri. Mafi munin wurin ajiye ta shi ne kusurwar ɗaki, domin a nan bango biyu da daɓe suna haɗuwa su tattara sautin su ƙara masa ƙarfi, sai kuma jikin bangon da aka haɗa da maƙwabci. Ya kamata a ɗauke ta daga kusurwa, a nisanta ta da bangon tarayya, a bar tazarar kamu ɗaya ko biyu tsakaninta da kowane bango, a kuma matso da ita kusa da kujerar mai kallo. Kunne ba ya gane ta inda sauti mai kauri sosai ke fitowa, saboda haka wufa ba sai ta zauna gefen talabijin ba, kuma idan tana dab da mai kallo zai ji ta da kyau ko da an rage ta sosai.

Mataki na uku shi ne raba ta da jikin gini. A sauke ta daga kan tebur ko kwaba, a sa mata shimfiɗa mai laushi da kauri a ƙarƙashi, kamar guntun soso mai ƙarfi ko faffaɗar roba, yadda akwatin ba zai taɓa tayil kai tsaye ba. Wannan ba ya tare sautin da ke bin iska, amma yana rage jijjigar da ke bin daɓe, kuma ya fi amfani a gidan bene. Ana iya gwadawa da kofin ruwa: a ajiye shi a ƙasa kusa da bango, a kunna sauti, idan fuskar ruwan tana rawa, to ginin yana ɗaukar jijjigar. Dafa bango da tafin hannu ma yana nuna hakan.

Mataki na huɗu shi ne kashe ƙananan ƙararraki. Sau da yawa abin da ya fi damun maƙwabci shi ne abubuwan da bes ke sa su kaɗawa: kwanon rufi da ƙusarsa ta saki, da gilashin luba da ya yi sako-sako, da ƙofar ƙarfe, da jeren samira da tangaran a kwabar amarya. A ɗaure abin da ya saki, a cusa roba ko ƙyalle inda ƙarfe ke bugun ƙarfe, a rufe ƙofa da taga yayin kallo.

Mataki na biyar, wanda ya fi duka, shi ne gwaji tare da maƙwabci. Da rana, mai kaya ya nemi izini ya shiga ɗakin da ke bayan bangonsa, wani daga gidansa ya kunna fim mai ƙara, a riƙa rage bes har sai an daina jin rugugi a can, sannan a yi wa maɓallin alama da biro ko fenti. Wannan alama ita ce iyakar dare, kuma kowa a gidan, har yara, ya san ta. Daga bayan sallar isha'i a fara ragewa, daga ƙarfe 10 kada a wuce alamar. Wanda wutar lantarki ba ta zo masa ba sai tsakar dare, ko mai son kallon wasan ƙwallon Turai da ake fara bugawa ƙarfe 8 ko 9 na dare ya kai kusan 11, abin ji na kunne ya ishe shi, muddin shi ma bai ƙure shi ba. Haka kuma a riƙa kashe soket idan an ɗauke wuta, domin kada ta dawo ƙarfe 2 na dare kayan su tashi da kansu su tashi unguwa.

Kashi na biyar: gyaran gini, da ladabin kai kuka.

Da farko a san abin da ba ya aiki, domin kada a yi asarar kuɗi. Manna kiret ɗin ƙwai a bango, ko siririn soso, ko rataya labule mai kauri, duk suna rage amsa-kuwwa a cikin ɗakin ne kawai, suna sa magana ta fi fita, amma ba su da nauyin da zai tare igiya mai tsawon mita bakwai, ga shi kuma soso da kwali makamashi ne idan wayar lantarki ta yi tartsatsi. Abubuwa uku ne ke tare sauti mai kauri: nauyi, da toshe kafa, da rabuwa tsakanin bango biyu.

Wanda ke shirin gina gidan haya ya umarci magini ya kai bangon da ke raba ɗakuna har ƙarƙashin kwano, ya yi amfani da bulo inci tara a bangon tarayya, ya cika ramukan bulon, ya yi filasta a fuska biyu, domin bulon da ba a shafe ba yana da ƙananan kafofi da sauti ke bi. Kada a haƙa ramin soket biyu baya da baya a bango guda. Wanda ya riga ya gina zai iya toshe sararin da ke saman silin, ya sa ƙofa mai nauyi da roba a gefenta, ya liƙe duk wata tsaga, domin inda iska ta bi sauti zai bi. Mai hali zai iya ɗaga bango na biyu daga ciki, ya bar ɗan sarari tsakaninsa da na farko yadda ba za su taɓa juna ba. Ɗan haya da ba shi da ikon taɓa gini zai iya mayar da kayan kallo ɗakin da ba ya haɗa bango da ɗakin kwanan kowa.

Masu gidajen kallon ƙwallo suna bukatar kulawa ta musamman, domin rumfar kwano ko zana ba ta tare komai. Abin da 'yan kallo ke bukata shi ne muryar mai sharhi, wadda ba ta da alaƙa da wufa, saboda haka ya fi dacewa a rarraba ƙananan lasifikoki kusa da benci a rage musu murya, maimakon babbar lasifika guda da za a ƙure, a kuma juya fuskarsu nesa da gidajen jama'a da masallaci da asibiti.

Wanda kuma abin ya dama, ya fara da kyakkyawan zato, domin akasarin masu kayan ba su san abin da ke isa bayan bango ba. Ya tafi da rana, bayan hankali ya kwanta, ya yi sallama, ya gaisa, ya ce: Malam, don Allah in ba damuwa, a zo a saurari yadda sautin ke isowa ɗakin yara. Idan matashi ne aka tarar, a kira shi gefe a yi masa magana yadda ake yi wa ƙane, ba a gaban abokansa ba. Bugun bango da tsakar dare ko ramawa da kunna rediyo ba su taɓa kawo sulhu ba. Idan magana ba ta yi ba, a sanar da mai gidan haya, sannan dattawan unguwa da liman da mai unguwa, kuma sai duk waɗannan sun gaza ne za a nufi hukuma. Shi kuma wanda aka zo wa da kuka ya karɓa da hannu biyu, ya tuna cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Masu sauraro, ga taƙaitawar abin da shirin ya ƙunsa. Sauti mai kauri shi ke ratsa bango, kunne kuma yana raina shi, saboda haka mai ɗaki ba ya sanin iyakar ɓarnarsa. A rage maɓallin bes, a ɗauke wufa daga kusurwa da bangon tarayya, a matso da ita kusa da kujera, a sa mata shimfiɗa, a ɗaure abin da ke kaɗawa, a kiyaye ƙarfe 10 na dare. Kira ga kowane magidanci da kowane matashi mai irin waɗannan kaya a Gamawa da Azare da kewaye shi ne, kafin mako ya zagayo, ya yi sallama a gidan da ke bayan bangonsa, ya saurari kayansa daga can, ya yi wa maɓallin alama. Allah ya ba da zaman lafiya tsakanin maƙwabta, ya sa a amfana da abin da aka ji.